Kundi

Kundi, jam'insa kundaye, tarin takardu ne da mutum ke rubuta abin da yake son adanawa a ciki. Asalinsa na malamai ne da almajiran ilimi. A nan malami ke zuba fa'idojin da ya ji daga bakin malamansa, da addu'o'i, da laƙani, da hatimai, da sunayen itatuwan magani, wani lokaci har ranar haihuwar 'ya'yansa da bashin da yake bin mutane. Ana rubuta shi da Larabci ko da ajami, sau da yawa a gauraye a shafi guda.

Kundin gargajiya ba a ɗinke yake ba. Fallaye ne warwatse, a haɗa su cikin bangon fata a ɗaure da igiya, a sa a gafaka. Hakan ya sa kundi ke girma tare da mai shi: yau a ƙara falle, gobe a zare wani a ba ɗalibi ya kwafa. A ƙarni na 19 yawancin takardun daga Italiya suke zuwa ta hanyar Turabulus, kuma in an ɗaga falle a haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku. Ba kowa ake buɗe wa kundi ba, domin sirrin malami ne, kuma yakan zama gado. Abin takaici, gara da ruwan damina sun cinye da yawa. Waɗanda suka tsira ana samun su a wurare irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar nazarin rayuwar ɗan'adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Takardun Malam Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, suna Jami'ar Northwestern a Amurka.

A zamanin boko ma'anar ta faɗaɗa. Ana cewa kundin tsarin mulki, kamar na Najeriya na 1999, da kundin tarihi, da kundin sani, da kundin digiri da ɗalibi ke miƙawa kafin ya kammala jami'a. Amma wanda ɗan firamare ke kwafar darasi a ciki ba a cika kiransa kundi ba. Littafin rubutu ake ce masa, a Nijar kuma kaye, daga Faransanci.