Sashe na 18C: Doguwar jayayyar Ostireliya kan cin mutuncin ƙabila

A Ostireliya akwai wani ɗan sashe na doka da kowa ke kira 18C, wanda ya sha tayar da jijiyar wuya a majalisa fiye da dokokin da suka fi shi tsanani nesa ba kusa ba.

Tushensa yana cikin dokar hana wariyar launin fata da gwamnatin Gough Whitlam ta kafa a 1975, bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965. Dokar ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki ko ba shi hayar gida saboda launinsa, amma ba ta ce komai ba kan abin da baki ke furtawa. Jihar New South Wales ce ta fara toshe wannan kafa a 1989. Sai a 1991 rahotanni biyu suka fito, ɗaya kan hare-haren wariya, ɗaya kan yadda 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, ke mutuwa a tsare. Su suka ƙara wa gwamnatin tarayya ƙaimi, har Firayim Minista Paul Keating ya samar da 18C a 1995.

Sashen ya haramta yin abu a bainar jama'a da zai ɓata wa mutum rai, ko ya zage shi, ko ya wulaƙanta shi, ko ya tsorata shi, saboda launinsa ko asalinsa. Masu sukarsa sukan manta cewa ba a ɗaure kowa a ƙarƙashinsa, domin majalisar dattawa ta cire hukuncin ɗauri tun wajen kafa shi. Wanda aka ci wa mutunci yakan kai kuka hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, a zaunar da ɓangarorin biyu a nemi sulhu. Sai an kasa ake zuwa kotu, inda abin kan ƙare da diyya ko umarnin goge rubutu. Sashe na 18D kuma ya kare masu fasaha da malaman jami'a da 'yan jarida, muddin sun yi aikinsu da gaskiya da hankali.

Rikici ya ɓarke ne a 2011, lokacin da kotun tarayya ta samu ɗan jarida Andrew Bolt da keta sashen, saboda rubuce-rubucensa da suka zargi wasu Aborijin masu hasken fata da fakewa da asalinsu don samun moriya. Alƙalin ya ce rubutun na ɗauke da kurakurai da jirkita gaskiya, don haka 18D bai cece shi ba. A 2014 ministan shari'a George Brandis ya faɗa a majalisa cewa mutane na da 'yancin su zama masu ƙyamar wasu, kuma wannan furuci ya taimaka wajen haɗa kan Yahudawa da Larabawa da 'yan asalin Sin da Aborijin don adawa da yunƙurin gwamnati na sassauta dokar. Firayim Minista Tony Abbott ya janye shirin. Magajinsa Malcolm Turnbull ya sake gwadawa a 2017, majalisar dattawa ta yi fatali da shi. A 2024 kuwa kotu ta ce Sanata Pauline Hanson ta keta sashen da ta gaya wa Sanata Mehreen Faruqi ta koma Pakistan.

A ganina dokar ba ta yi tsauri ba. Abin da ke damuna shi ne ba ta ambaci addini ba. Kotuna sun ɗauki Yahudawa a matsayin ƙabila, don haka tana kare su, amma matar da aka zaga a jirgin ƙasa saboda hijabinta sai ta nuna cewa zagin ya shafi asalinta ma, in ba haka ba ta dogara da dokar jiharta, kamar irin wadda jihar Victoria ta kafa a 2001.