Balan-balan mai hawa ƙololuwar sama da kayan gwajin ɗalibai

Wannan wani babban balan-balan ne na roba da ake cika shi da iskar hiliyom ko haidirojin, a ɗaura masa ƙaramin akwati mai kyamara da na'urorin auna yanayi a sake shi ya yi ta hawa har wajen kilomita 30, inda sama take komawa baƙa kuma ana hango lanƙwasar duniya. Jami'o'i da makarantun sakandare a Amurka da Turai sun fi yin sa, galibi tare da 'yan sha'awar rediyo, wato mutanen da ke da lasin magana ta rediyo don son kansu ba don kasuwanci ba. Su ne ke bin sawun balan-balan ɗin har a tsinto kayan. Ba kumbo ba ne dai, don iyakar sararin samaniya da aka fi yarda da ita tana kilomita 100.

Tarihi

Abin ya faro ne a Faransa. A 1892 Gustave Hermite da Georges Besançon suka fara sakin balan-balan babu mutum a ciki, sai na'urar da ke rubuta awo da kanta, kuma a lokacin in ba wani ya tsinci kayan a gona ya maido ba to aikin ya tafi a banza kenan. Léon Teisserenc de Bort ya ci gaba da haka a Trappes kusa da Paris, ya yi ta saki da yawa har ya lura cewa in an wuce wajen kilomita 11 sanyi yana daina ƙaruwa, ya sanar da haka a 1902, shekarar da Richard Assmann na Jamus shi ma ya faɗi irin wannan. Matsalar jiran mai tsintuwa ta ragu da Robert Bureau a Faransa a 1929 da Pavel Molchanov a Tarayyar Sobiyet a 1930 suka haɗa na'urar da rediyo, awon yana saukowa ƙasa tun balan-balan na sama.

'Yan sha'awar rediyo sun shigo daga baya. Ana ambaton wasu gwaje-gwaje a Jamus da Finlan a shekarun 1960, amma a Amurka an fi danganta farkon harkar da Bill Brown wanda ya saki nasa a jihar Ohio a watan Agustan 1987. Sai kuma tsarin APRS na Bob Bruninga ya zo ya sauƙaƙa komai, don na'ura ce ke karɓar wurin da take daga GPS ta watsa shi ta rediyo, tashoshin 'yan sha'awa su kama su tura intanet, kowa ya ga ɗigon yana tafiya a taswira. Wajen shekarar 2000 jami'o'in Colorado suka mai da shi darasi sosai, daga 2006 kuma NASA da jami'ar jihar Louisiana suke ɗaukar kayan ɗalibai a katon balan-balan daga garin Fort Sumner na jihar New Mexico.

Yadda ake yi

A ƙasa faɗin balan-balan ɗin roba bai wuce mita 2 ba, masu cikawa sukan sa safar hannu don maiƙon yatsa na iya raunana robar. Yana hawa wajen mita 5 a daƙiƙa, yana hawa yana kumbura saboda iskar waje na raguwa, bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu sai ya fashe, laimar sauka ta buɗe. Akwatin yawanci farin soson nan ne irin wanda ake sako talabijin a cikinsa, saboda sanyi a hanya yana kaiwa digiri 50 ko 60 ƙasa da sifili, batirin gama-gari mutuwa yake, sai na litiyom. Wani abin da ke cin sababbin shiga shi ne wasu na'urorin GPS suna yin shiru da zarar sun wuce kilomita 18.

A Arewacin Amurka APRS na kan zangon rediyo na megahaz 144.390, a Turai 144.800. A Ingila kafin 2024 dokar lasin ba ta yarda a watsa daga sama ba, sai 'yan sha'awar suka koma megahaz 434 da ƙarfin miliwat 10 kacal, kuma duk da haka ana ji daga ɗaruruwan kilomita don babu abin da ya tare tsakani.

Tsintowa

Tun kafin saki ake duba hasashen iska a manhajar da ɗaliban Cambridge suka ƙirƙira, motoci su yi gaba. Kaya na iya faɗawa kan bishiya ko a ruwa ko gonar wani, dole a nemi izinin mai gona.

Doka da taƙaddama

A Amurka in nauyin akwati ɗaya bai wuce fam 6 (wajen kilo 2.7) ba kuma jimilla fam 12 (wajen kilo 5.4), tare da wasu sharuɗɗa, an sassauta dokar hukumar jiragen sama. Haidirojin ya fi arha amma yana kamawa da wuta, ƙungiyoyi sun rabu a kansa. A Fabrairun 2023 sojan Amurka ya harbo wani abu a saman Yukon na Kanada, wasu suka ce ƙaramin balan-balan ne na wata ƙungiyar 'yan sha'awa ta Illinois, ba a tabbatar ba.