Fasa kofi ba shi ne ɗaurin auren Yahudawa ba

Mutane da yawa sun ɗauka sai ango ya taka kofin gilashi ya fashe sannan aure ya ɗauru a bikin Yahudawa. Kafin a kai ga kofin nan, aure ya riga ya ɗauru.

Abin da ke ɗaura shi zobe ne da shaidu biyu. A ƙarƙashin rumfar da ake kira hupa, ango kan sa wa amarya zobe a manuniyar hannun dama, ya ce ta keɓanta gare shi bisa dokar Musa da Isra'ila. Dole zoben ya zama mallakinsa, na aro ba ya yi. An fi son marar adon dutse mai daraja, don kada amarya ta yi kuskuren ƙiyasta darajarsa. Shaidun kuwa, ga masu bin tsohuwar doka, maza ne baligai, ba dangin ango ko amarya ba, ba kuma dangin juna ba. A nan ƙaramin taro ke yawan tuntuɓe, tunda kusan kowa ɗan uwa ne. Addu'o'in albarka bakwai da ake karanta wa ango da amarya ma sai da maza goma a wurin. Malamin da ke jagora aikinsa tabbatar da ƙa'ida ne.

Fasa kofin tunawa ne da Haikalin Urushalima, babban wurin ibadar Yahudawa, da Romawa suka rusa a shekara ta 70 Miladiyya. A zaɓi kofi marar kauri, a naɗe shi a tsumma mai ƙwari. Mai kauri yakan ƙi fashewa ko ya sulluɓe, tsinin gilashi kuma na iya huda takalmi.