Giyar Kirsimeti ba malt ba ce, kuma ba ta maganin sanyi

Salamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwa da ke zaune a nan Turai, ɗalibai da masu aiki da waɗanda ba su jima da saukowa ba. Ni nas ce, a ɗakin gaggawa nake aiki a wani gari na kudancin Jamus, kuma duk shekara da zarar Nuwamba ta kama mu mun san abin da ke tafe mana har zuwa bayan sabuwar shekara. Ba wa'azi na zo yi ba, malamai sun yi nasu kuma kowa ya san hukuncin addininsa, ni dai ba na sha. Amma masu jin Hausa a nan akwai Musulmi akwai Kirista, akwai wanda bai taɓa kai ta baki ba, akwai kuma mai sha a ɓoye, kuma dukkansu na taɓa ganinsu a kan gadon asibiti.

Bari na fara da wani yaro, ɗalibi, sanyinsa na farko kenan a ƙasar nan. An yi walimar ƙarshen shekara a wurin da yake ɗan aikin wucin gadi, ya ce a ba shi malt, wani ya miƙo masa baƙar kwalba, ya tsiyaya ya ga abu baƙi-baƙi mai kauri da kumfa, ya kurɓa ya ji zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci kamar Maltina ɗin da ya saba sha a gida. Kwalba biyu ya shanye, rabin lita rabin lita, a kan yunwa. Da abokinsa ya kawo shi wajenmu da amai a gaban riga da tsagewa a gira, ya zo da kwalbar a leda, na duba na ga an rubuta Doppelbock. Da gari ya waye ya farfaɗo na gaya masa abin da ya sha, yaron nan kuka ya dinga yi yana salati, yana ce mini Anti wallahi ban sani ba. Na ce na sani ƙanena, ba kai ne na farko ba.

To ga inda rikicin yake. A gida in ka ce malt kowa ya san lemo ne. A nan ma akwai irinsa, su Vitamalz da Karamalz, amma kusa da su a kan kanta ɗaya za ka ga giyoyin lokacin sanyi da launinsu ɗaya ne, an zana musu dusar ƙanƙara da tauraro da tsohon nan mai farin gemu da jar hula, sai ka ɗauka abin yara ne. Duk inda ka ga Bock ko Doppelbock ko Eisbock ko Weihnachtsbier a Jamus, ko Noël da Kerst a Beljiyam, ko Julebryg a Danmak, ko juleøl a Norwe, giya ce, kuma yawancinsu sun fi ta yau da kullum ƙarfi.

Abin da ya sa take ruɗa baki shi ne yadda ake dafa ta. Wanda ya taɓa ganin yadda ake burkutu da tsiron dawa zai gane, su a nan tsiron sha'ir suke sawa, sai dai na wannan lokaci suna ƙara yawan tsiron sosai, wasu a gasa shi har ya yi duhu, yis ya cinye sukarin ya mai da shi barasa amma a bar saura, shi ya sa take da ƙarfi kuma take da zaƙi a lokaci guda. Wasu kuma musamman 'yan Beljiyam su zuba sukari da kirfa da kanumfari da citta da ɓawon lemu ko zuma, ƙanshin ya rufe ƙarfin, harshe bai ba ka labari ba sai ka miƙe tsaye ƙafa ta gaya maka.

Al'ada ce tsohuwa a wajensu. A Norwe tsohuwar dokarsu ta Gulating har tilasta wa manomi ta yi ya dafa giyar bikin, wanda ya ƙi shekara uku a jere gonarsa ma za a iya ƙwacewa. A Danmak ranar Juma'ar farko ta Nuwamba suna da abin da suke kira J-dag, ƙarfe 8:59 na dare daidai ake sakin Tuborg Julebryg, gari ya cika da matasa da shuɗiyar hula, ita wannan kashi 5.6 cikin 100 ce, wato tana cikin masu sauƙi. Doppelbock ta nan Jamus tana kai kashi 7 zuwa 8 ko sama. A Beljiyam St. Bernardus ta Kirsimeti kashi 10 ce, Bush de Noël kashi 12. Akwai wata a Ostiriya, Samichlaus, ranar 6 ga Disamba kaɗai ake dafa ta a ajiye wata 10 kafin a zuba a kwalba, kashi 14, wannan ai ta kamo ruwan inabi ta wuce da yawansa. Eisbock kuma daskarar da ita ake yi a cire ƙanƙarar, ruwa ya ragu barasa ta taru. Giyar da aka saba gani kullum kusan kashi 5 ce fa, ku kwatanta.

Yanzu lissafi kaɗan, kar ku gudu. Mutum yana ƙirga kwalba ne, hanta kuwa ba kwalba take ƙirgawa ba. A Birtaniya suna awo da abin da suke kira yunit, mililita 10 na zallar barasa shi ne yunit ɗaya, kuma hanta a taƙaice yunit ɗaya take iya sarrafawa cikin awa ɗaya. Shawarar likitocinsu tun 2016 ita ce kar a wuce yunit 14 a sati, mace ko namiji. Ƙaramar kwalba mai mililita 330 ta kashi 10 tana ɗauke da yunit 3.3, huɗu kawai ka kusa cinye na satin gaba ɗaya a zama ɗaya. Babbar nan mai mililita 750 da ake ba wa mutane kyauta da toshiyar kwalaba kamar shamfen, in ita ma ta kashi 10 ce, yunit 7.5 ne. Yaron nan da na faɗa, in tasa kashi 8 ce, yunit 8 ya zuba wa cikin da bai taɓa sani ba, awa 8 hantarsa na fama. Kuma kar wani ya ce ai 14 ɗin halas ne a likitance, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a Janairun 2023 ta ce babu wani adadi da za a kira mara illa, tun 1988 barasa ke cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, wato kansa.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar wai tana ɗumama jiki. Turawan Ingila har suna suka ba wasu cewa masu ɗumama hunturu ne, mu ma a gida lokacin hunturu ai kun sha jin masu cewa a kora ɗan abu mai zafi a kashe sanyi. Ƙarya ce jiki ke yi maka. In sanyi ya kama mutum jijiyoyin jini na fata tsukewa suke, jini ya koma ciki ya tsare zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, sannan a fara rawar ɗari don jiki ya samar da zafi. Barasa na zuwa sai ta buɗe jijiyoyin nan, jini mai ɗumi ya fito fata, kai ka ji fuska ta yi zafi har ka zuge zif ɗin jaket, alhali zafin cikinka ne ke tsiyayewa waje kamar an bar ƙofar ɗaki a buɗe. Ta kuma rage rawar ɗarin, ta kashe hankalin da zai ce maka tashi ka shiga gida. Sanyin nan ba irin na Jos ko Kano a watan Janairu ba ne da za ka ja bargo ka hura gawayi, nan ruwa daskarewa yake a kan titi.

Akwai wani bawan Allah ɗan yankinmu, magidanci, da direban bas ya tsinta da asuba a bencin tasha. Ya tashi daga wajen abokai, bas ɗin ƙarshe ya wuce, ya ce bari ya ɗan zauna ya jira na safe. Da aka shigo da shi jaket ɗinsa a hannun ma'aikacin motar asibiti take, shi da kansa ya cire ta ya ninke ya ajiye a gefe, safar hannu ɗaya ta ɓace, leɓensa ya yi toka-toka, na taɓa cikinsa na ji kamar na taɓa tulu. Ba ya ma rawar ɗari, wanda shi ne ya fi tsorata mu, don in zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, in kuma rawar ɗari ta tsaya mutum bai ɗumama ba to abin ya yi nisa. Cire kayan nan ma alama ce, ƙwaƙwalwa ce ta rikice mutum ya ji kamar zafi yake ji. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yatsu biyu sai da likitoci suka yi ta fama da su.

Wahalar ita ce alamomin sanyi ya ci mutum da alamomin maye kusan ɗaya ne, magana na laushi, tafiya na tangaɗi, barci na fizga. Shi ya sa abokai ke cewa ƙyale shi ya yi barci zai wartsake. Kar ku ƙyale shi, ko a waje ko a ɗaki. Ku shigar da shi inda ke da ɗumi, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kai, a kwantar da shi a gefensa ba rigingine ba, a ɗan ɗaga haɓa, saboda in amai ya zo yana rigingine huhu zai tafi. Banda murza masa hannu da ƙafa, banda tsoma shi a ruwan zafi, banda jingina shi da hita. Kofi mai ɗaci da wankan ruwan sanyi da ɗura masa madara ko manja duk ba sa fitar da barasa daga jini, lokaci ne kaɗai, kuma mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai. In an girgiza shi bai farka ba, ko numfashi na ja da tsayawa, ko jiki ya yi sanyi ƙalau, 112 ce lambar a duk ƙasashen Tarayyar Turai, kyauta ce, a Birtaniya 999.

Masu shan magani ku matso. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan irin su glibenclamide, hanta in ta shagala da barasa ba ta sakin suga cikin jini, sai sugan ya faɗi cikin dare yana barci, na kusa da shi su zaci maye ne. Zaƙin giyar ba zai cece shi ba. Tramadol da kodin da diazepam da maganin barci, haɗa su da barasa numfashi yake dannewa, wannan shi ne haɗin da na fi tsana a duniya kuma samarinmu sun raina shi. Flagyl ma ba a haɗawa. Mai juna biyu ko kurɓa ɗaya babu. Akwai kuma wani abu da wani likitan Amurka Philip Ettinger ya raɗa wa suna ciwon zuciyar hutu a 1978, mutum lafiyarsa lau ya sha da yawa a kwanakin biki sai zuciya ta rikice da bugu ba tsari, ƙirji na fat-fat, numfashi na sama-sama. Muna ganinsu tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, wasu ma matasa.

Sai maganar hanya, a taƙaice. A Jamus wanda bai kai shekara 21 ba ko yake cikin shekara 2 na farkon lasisi ba a yarda ya sha komai ya tuƙa ba, sauran kuma iyakar barasa a jini 0.5 cikin dubu ce, a Norwe da Suwidin 0.2. Ɗan babur ɗin lantarki da ake haya da waya dokar mota ce a kansa, masu kai abinci a keke ku ma 'yan sanda na tsayarwa, ga titi da santsin ƙanƙara. Wanda ya sha mai ƙarfin nan da daddare da safe ma tana nan a jininsa.

Ga waɗanda ba sa sha kuma ba sa son a shammace su, ku juya kwalba ku nemi lamba da alamar % vol, ko me aka zana a gaba. In an rubuta alkoholfrei a nan Jamus yana iya ɗaukar har kashi 0.5, wanda ke son babu ko ɗigo ya nemi 0,0. A kasuwar Kirsimeti abin nan mai zafi ja da ake sayarwa a kofi yana ƙanshin kirfa, Glühwein, ba zoɓo ba ne duk da kamar ta yi yawa, ruwan inabi ne mai barasa da ba ya gaza kashi 7, na yara shi ne Kinderpunsch. Kuma a walimar ofis ka ce ba ka shan barasa kai tsaye, ni shekara da shekaru ina faɗa babu wanda ya taɓa ɗaure mini fuska.

Magidancin nan na tasha, da ya dawo hayyacinsa abu na farko da ya tambaye ni da Hausa, bayan ya ji harshena, shi ne Hajiya don Allah wa ya sani. Kunyar nan ita ke sa abokai su ɓoye mutum a ɗaki maimakon su kira mota, wasu kuma tsoron maganar takardu. Likita da nas a ƙasar nan doka ta ɗaure su da riƙe sirrin mara lafiya, ni ba zan kai labarinka masallaci ko coci ko zauren WhatsApp na 'yan gari ba. In kun kira, ku faɗi inda kuke, ku faɗi me ya sha, kwalba nawa, ƙarfe nawa ya fara, da maganin da yake sha in kun sani, ku kuma ɗauko kwalbar ku zo mana da ita.