Nurata, ƙaramin gari a bakin hamada kusa da Bukhara: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a majalisin da ake karanta Sahihul Bukhari ya san sunan Bukhara, ko da bai san inda take a taswira ba. Tana ƙasar Uzbekistan ne a tsakiyar Asiya, kuma a nan aka haifi Imam Bukhari a shekarar 810 Miladiyya. Yawancin masu zuwa ƙasar suna ganin Bukhara da Samarkand su juya gida. Amma akwai wani ƙaramin gari da ke arewa da hanyar da ta haɗa biranen biyu, sunansa Nurata, wanda a ganina bai kamata a wuce shi ba.

Ina Nurata take, kuma me ya haɗa ta da Bukhara?

Tana cikin lardin Nawoi, a gindin duwatsun Nuratau, daidai inda duwatsu suka ƙare hamadar Kizilkum ta fara. Daga Bukhara tafiyar awa uku ce a mota ko ƙasa da haka. A zamanin fatake ita ce zangon ƙarshe mai ruwa da inuwa ga ayarin da zai nufi arewa, kuma ita ce ta farko ga wanda ya ratso hamada ya fito a galabaice. Narshakhi, wanda ya rubuta tarihin Bukhara da Larabci wajen shekarar 943, ya ambace ta da sunan Nur. Ya ce tana da masallacin Juma'a da masaukai da yawa, kuma mutanen Bukhara kan je ziyara can duk shekara saboda kaburburan tabi'ai da aka ce suna wurin. Ke nan fiye da shekara dubu ana zuwa garin nan.

Me ya sa gari ya kafu a irin wannan wuri?

Ruwa ne. A tsakiyar garin akwai idon ruwa da ake kira Cashma, yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin tudu, rani da hunturu bai taɓa yankewa ba, ɗuminsa kuma bai cika canzawa ba, yana nan wajen digiri 19. An kewaye shi da dutse ya zama tafki, daga nan ya bi magudanai ya shiga gidaje da lambuna. Masallatai biyu ne a gefensa, da rijiya, da maƙabarta tsohuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da mutanen da suka yi don ƙara ruwan, wadda ake kira kariz. Sukan je gindin dutse inda ruwa yake kusa, su haƙa rijiya mai zurfi har su same shi. Daga nan sai su jera wasu rijiyoyin a layi ɗaya zuwa wajen gari, su haɗa ƙasansu da rami mai ɗan gangare, yadda ruwa zai riƙa gangarowa da kansa ta ƙarƙashin ƙasa, babu guga babu inji, rana ba ta shanye shi a hanya. Rijiyoyin tsakiya su ne hanyar fitar da ƙasa da shigar iska ga masu haƙa, kuma ta nan ake sauka a yashe ramin idan ya toshe. In ka fita bayan gari za ka ga tarin ƙasa a jere, kowane da rami a tsakiyarsa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kufai ne, alhali aikin mutanen da suka yi shekaru suna tono cikin duhu da fitilar mai ne. Da yawa sun rushe yanzu don an daina yashe su, kuma hasara ce babba.

Gaskiya ne ba a cin kifin da ke cikin idon ruwan?

Gaskiya ne. Ruwan garau yake, kana ganin ƙasansa, kifaye kuma baƙaƙe-baƙaƙe sun cika shi maƙil, ba sa gudun mutum don ba wanda ya taɓa kama su. Mutanen gari suna ɗaukarsu masu alfarma. Irin kifin ana kiransa marinka, kuma ƙwansa yana da dafi, wataƙila hakan ma ya taimaka wajen kafuwar al'adar.

Za ka ji labarai iri-iri a bakin tafkin. Wasu za su ce wani haske ne ya faɗo daga sama ruwa ya ɓullo, wasu su jingina shi ga Sayyidina Ali. Labaran baka ne, ba tarihi ba. Za ka kuma ga tsofaffi da jarkoki suna ɗibar ruwan don neman waraka. Ko mene ne fahimtarka game da tabarruki, kai baƙo ne: ka yi sallama, ka sa tufa mai mutunci, kada ka ɗauki hoton masu addu'a ba da izininsu ba.

Da gaske Iskandar ne ya gina ganuwar da ke kan tudun?

Haka mutanen garin suke faɗa, kuma haka masu yi wa baƙi jagora za su gaya maka. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Iskandar na Masedoniya ya yi yaƙi a wannan yanki tsakanin shekarar 329 da 327 kafin Miladiyya, ya kama Samarkand. Cewa shi ya aza tubalin Nur kuwa, riwayar gari ce. A can ana kiransa Iskandar Zulƙarnaini, amma malamai da dama ba su yarda cewa shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi ba.

Ganuwar ta ƙasa ce, ruwa da iska sun cinye ta har ta koma kamar ragowar badalar Kano a wuraren da ba a gyara ba. Hawan ba wuya, minti kaɗan ne. Daga sama ne za ka fahimci garin: kore a ƙarƙashinka inda ruwa ya kai, duwatsu a bayanka, gabanka kuma fili fetal har inda ido ya tsaya. Ta wannan filin rundunar Jangis Khan, sarkin Mongol, ta ɓullo a 1220. Mutanen Nur suka buɗe ƙofa suka biya haraji, aka bar su da ransu. Bukhara da ke gaba kuwa, ƙona ta aka yi.

A hamadar me ake gani?

Tafiyar kamar awa ɗaya arewa da garin akwai sansanonin tantuna masu zagaye irin na makiyayan Kazak, waɗanda ake rufewa da gashin tumaki da aka cuɗa. Ana kwana a ciki, a hau raƙumi mai tozo biyu, da dare a hura wuta wani ya yi waƙa da molonsu. Don baƙi aka shirya su, kada ka zaci rayuwar makiyaya ce tsantsa.

Kusa da nan tafkin Aidarkul yake, kuma labarinsa abin mamaki ne. Kafin 1969 fadama ce mai gishiri. A shekarar kogin Sir Darya ya yi ambaliya, madatsar Shardara ta kusa fin ƙarfinta, hukumomin Tarayyar Sobiyet suka saki ruwan cikin kwarin. Yau tafki ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,000 a tsakiyar rairayi, da kifi da tsuntsaye.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. Yuli zafi yakan haura digiri 40. Sanyin Janairu kuwa har ruwa yake daskarewa, sansanonin ma a rufe suke.

Yaya ake zuwa?

Daga Najeriya ko Nijar sai an yada zango, galibi a Santambul ko Dubai, sannan a sauka Tashkent, babban birnin ƙasar. Ka gama maganar biza kafin ka sayi tikiti. Daga Tashkent akwai jirgin ƙasa mai sauri, Afrosiyob, da ke bi ta Samarkand zuwa Bukhara, kujerunsa kan ƙare da wuri. Zuwa Nurata kuwa sai mota: ko ka ɗauki shata daga Bukhara, ko ka shiga tasi ta haɗaka zuwa birnin Nawoi ka sake wata. Ku yi ciniki kafin a tashi.

Ina ba da shawarar shata saboda abu ɗaya. Dab da Nawoi, a bakin titi, akwai Rabati Malik, masaukin da aka gina a ƙarni na 11. Babbar ƙofarsa ce kawai ta rage a tsaye, amma a tsallaken titi rijiyarsa mai ƙubba tana nan, wadda ake sauka cikinta da matakala. Ka ce wa direba ya tsaya.

Ka riƙe takardun rajistar da masauki zai ba ka, ka kuma canji kuɗinsu, som, tun daga birni, don a ƙauye ba ko'ina katin banki yake aiki ba.

Salla da abinci fa?

Musulmi ne, 'yan mazhabar Hanafiyya, don haka za ka ga La'asar tasu tana jinkiri fiye da yadda ka saba. Masallacin Juma'a yana nan a gefen Cashma. Abincinsu shinkafa dafa-duka ce da karas da naman rago, wadda suke kira palov, sai gurasar tanderu da koren shayi. Gurasa tana da daraja a wurinsu, ba a kifa ta, ba a jefar da ita. Abu biyu za ka kula da su: ana cin naman doki a ƙasar, wanda mai bin Malikiyya zai so ya tambaya kafin ya sa hannu, sannan a sansanonin baƙi akan kawo giya tare da abincin dare. Ka ce ba ka sha, ba wanda zai matsa maka. Uzbek da Tajik ake yi a garin, Rashanci ma yana aiki, Turanci kuwa sai jefi-jefi.

Yini ɗaya ya isa?

Don ganin Cashma da ganuwa, awa biyu ma sun isa, kuma haka motocin 'yan yawon buɗe ido suke yi. Ni dai zan ce ka kwana a gidan baƙi na cikin gari, ka je idon ruwan bayan Asuba kafin jama'a su taru. Hakan zai kuma ba ka damar shiga gidajen da mata ke ɗinkin suzani, wato zanen auduga da ake yi wa ado da zaren siliki, wanda a al'ada uwa ke tanadar wa 'yarta don aure. Na Nurata an san shi da damin furanni a kan farin yadi. In za ka saya, juya bayansa ka duba: ɗinkin hannu ba ya tafiya daidai wa daida, na inji kuwa sumul yake.