Haɗa Kombuca a Gida: Tambayoyin Mai Farawa da Amsoshinsu

Wai mene ne kombuca, kuma me ya raba shi da shayin da ya kwana ya lalace?

Shayi ne mai sukari da aka bari ya tsima, amma ba haka kawai aka bar shi ba. Ana zuba masa wasu ƙananan halittu iri biyu da ke aiki tare, wato yis da bakteriya. Yis ne ke fara taɓa sukarin, ya fasa shi gida biyu, ya ci, ya fitar da gas da ɗan sinadarin barasa. Bakteriya kuma su bi bayansa su mayar da barasar zuwa tsami, irin tsamin da ke cikin khal. Shi ya sa idan ya nuna za ka ji zaƙi kaɗan, tsami kaɗan, da ɗan cizo a harshe. Shayin da ya kwana kuwa babu mai tsaronsa, duk abin da iska ta kwaso shi ne zai sauka a ciki.

Wannan abu mai santsi da ke iyo a sama fa? Ganinsa kaɗai yana hana ni sha.

Ba kai kaɗai ba ne. Masu sana'ar suna kiransa sukobi, wasu su ce uwa. Mutanen Rasha suna ce masa laimar kwaɗin shayi, ko da yake ba shi da dangantaka da laimar kwaɗi. Bakteriyan da ake kira Komagataeibacter ne ke saƙa shi da sinadarin selulos, irin wanda ke jikin auduga, a daidai inda ruwan ya haɗu da iska.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: faifan nan ba shi ne ginshiƙin aikin ba. Halittun da ke tsima shayin suna cikin ruwan tsohon kombuca fiye da yadda suke a jikin faifan. Wanda ya ba ka uwa babba mai kauri ba tare da ruwanta ba, bai ba ka komai ba. Wanda ya ba ka kofi ɗaya na ruwan tsami kuwa ya gama maka, domin sabuwar uwa za ta fito da kanta. Idan ba ka da wanda zai sammaka, kwalbar kombuca ta kanti wadda ba a dafa ba, ba a kuma sa mata ɗanɗano ba, tana iya haifar da uwa cikin mako 2 zuwa 4.

Daga ina ya samo asali?

Galibi ana danganta shi da arewa maso gabashin Sin, daga can ya shiga Rasha, ya kai Jamus a farkon ƙarni na 20. A Amurka sai a shekarun 1990 ya zama kayan kasuwa, inda wani matashi mai suna GT Dave ya fara sayar da nasa a 1995. Abin dariya, a Japan kalmar kombuca sunan wani abin sha ne dabam da ake yi da ganyen teku.

To, ta yaya zan haɗa tukunyar farko?

A kowace lita ɗaya ta ruwa, ka tanadi sukari giram 60 zuwa 80, ganyen shayi giram 5 zuwa 7 (kimanin ƙunshi biyu zuwa uku ke nan), da tsohon kombuca mai tsami mililita 100 zuwa 200. Ka tafasa ruwan, ka jiƙa ganyen minti 10 zuwa 15, ka tace, ka narkar da sukarin tun da zafi. Sai ka jira. Jiran nan ne ke kashe masu gaggawa, domin ruwan zafi yana dafa halittun nan take. Kada ka zuba uwa sai shayin ya huce sarai, har ka taɓa jikin kwalbar ba ka ji ɗumi ba.

Mazubin ya zama gilashi mai faɗin baki. Faɗin yana da amfani saboda bakteriyan suna buƙatar iska. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana yi, amma alminiyon da tagulla ba sa yi, tsami yana cin su. Tukunyar tangaran mai fenti ita ce ta fi ban tsoro: a 1998 an ruwaito wasu ma'aurata a Ostareliya da gubar darma ta kama bayan sun daɗe suna shan kombucan da suke tsimawa a irin wannan tukunya.

Kada ka sa murfi. Ka rufe bakin da ƙyallen auduga mai ƙaramar saƙa, ka ɗaure da roba. Ƙyalle mai manyan ƙofofi gayyata ce ga ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itace, kuma idan suka yi ƙwai a kan uwa, aikin ya tashi. Ka ajiye inda rana ba ta duka, nesa da hayaƙi da kwandon shara, ka daina girgiza shi.

Ruwan tsamin nan da aka ce a zuba, kada ka yi masa rowa. Shi ne ke sauke ma'aunin tsami na pH zuwa ƙasa da 4.5 tun ranar farko, wanda ke hana funfuna da miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama kafin halittunka su kankama. Yawancin tukunyar da ta lalace, daga nan aka yi sake.

Kowane irin shayi yana yi?

Baƙin shayi tsantsa ya fi sauƙi ga mai farawa, koren shayi ma yana yi, kuma yana ba da ɗanɗano mai laushi. Haɗa su biyun yana da daɗi. Wanda aka sa wa man ƙamshi, irin Earl Grey, a bar shi, domin man yana raunana uwa a hankali.

Sukarin nan bai yi yawa ba? Zan iya ragewa, ko in sa zuma?

Sukarin ba naka ba ne, abincin halittun ne. Idan ka rage shi sosai za su yi yunwa, tsamin ya ƙi zuwa, funfuna ta samu ƙofa. Kayan zaƙin da ba su da kuzari, irin na masu ciwon sukari, ba sa tsima ko kaɗan. Mai son rage zaƙi ya ƙara kwanakin tsimi, shi ke nan. Amma kada a yaudare ka, ko bayan kwana 10 akwai sauran sukari a ciki.

Zuma tana da nata abin sha, ana kiransa jun, da koren shayi ake yin sa da uwar da ta saba da zuma. Uwar da ta tashi da farin sukari, a bar ta da abin da ta sani.

Kwana nawa zai yi kafin ya nuna?

Tsakanin kwana 7 da 14 ne aka saba, a zafin digiri 24 zuwa 29 na ma'aunin Salsiyas. Ɗaki mai zafi yana iya gamawa a kwana 5 ko 6, mai sanyi ya ja har mako uku, kuma ƙasa da digiri 20 aikin yana tafiyar hawainiya, haɗarin funfuna ya ƙaru. Ni ban yarda da kalanda a wannan sha'ani ba. Daga rana ta biyar ka riƙa ɗiban cokali ɗaya kana ɗanɗanawa kullum. Ranar da zaƙi da tsami suka yi kunnen doki a bakinka, ranar ce. Idan kana da niyyar sa 'ya'yan itace, ka sauke yana da ɗan sauran zaƙi, don tsamin zai ƙaru a kwalba.

Wanda ya wuce lokaci har ya zama kamar khal bai lalace ba. Shi ne ma mafi kyau wajen tayar da sabuwar tukunya.

Na ga wasu zare masu ruwan ƙasa suna lilo a ƙarƙashin uwa, ita kuma ta nutse. Ya lalace ne?

A'a. Zaren yis ne, nutsewar uwa kuma ba komai ba ce, sabuwa za ta rufe saman ruwan. Da farko tana fitowa kamar yana-yana mai fari-fari, wani lokaci da kumfa da tabo, babu kyan gani.

Funfuna kamanninta daban ne. A sama take zama, ba ta shiga ruwa. Busasshiya ce, mai gashi-gashi, tana yin da'ira, launinta kore, shuɗi, baƙi ko fari fat, irin wadda ke fitowa a tsohon burodi. Idan ka gan ta, babu batun yanke wurin a ci gaba. A zubar da uwa da ruwan duka, a wanke kwalbar da ruwan zafi, a sake sabon lale. Na san yana da ciwo, amma abin da ido ya gani a sama ƙaramin ɓangare ne na abin da ya riga ya bazu.

Yaushe ake sa ɗanɗano, kuma daga ina gas ɗin yake zuwa?

Nan ne daɗin aikin yake. Doka ɗaya ce ba a karya ta: ɗanɗano ba ya shiga tukunyar uwa. Ka fara cire uwa da kofi ɗaya ko biyu na ruwan saman, ka ajiye don tukunya ta gaba. Sauran ka gauraya shi a hankali don yis ɗin da ya kwanta a ƙasa ya taso, in ba haka ba kwalba ɗaya za ta cika da gas, ɗaya ta fito lami. Sai ka ɗura a kwalabe masu murfi mai kamawa gam, ka sa abin ɗanɗanon, ka bar sarari kamar yatsu biyu a wuya, ka rufe, ka bar su a ɗaki kwana 2 zuwa 4. Wannan shi ne tsimi na biyu. Yis yana cin sabon sukarin 'ya'yan itacen, gas ɗin da ya fitar ya rasa hanyar fita, sai ya narke a cikin ruwan.

Ma'aunin da ba ya ba da kunya shi ne kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na kwalbar ya zama ruwan 'ya'yan itace ko markaɗaɗɗensu. Markaɗaɗɗe ya fi yankakke saurin ba da gas, saboda sukarinsa a buɗe yake. Ɗanyar citta da lemun tsami su ne haɗin da zan ba kowane mai farawa: yanka uku ko huɗu na citta, cokali ɗaya na ruwan lemun, da rabin ƙaramin cokali na sukari a kwalbar rabin lita. Abarba da mangwaro suna da ƙarfi, sukan cika kwalba da gas cikin kwana biyu, sai an sa musu ido. Tuffa da kirfa suna tafiya tare. Inabi yana ba da launi mai kyau. Kanumfari guda ɗaya ya ishi kwalba, biyu sun mayar da ita magani. Na'ana'a da sauran ganyaye ba su da sukari, don haka sai an ƙara musu kaɗan, kuma idan suka daɗe a ciki sukan yi ɗaci. Ɓawon lemo ma haka, farin cikinsa ɗaci ne zalla, a kankare saman kawai.

Idan ya yi, a kai firji. Sanyi yana kwantar da yis, ya kuma sa gas ya zauna a ruwan. Ɗan ƙaramin faifai mai santsi da za ka gani a wuyan kwalba jaririyar uwa ce, mataci zai raba ka da ita.

Da gaske ne kwalba tana fashewa?

Da gaske ne, kuma gilashin da ya tarwatse ba abin wasa ba ne. Kwalba mai kusurwa huɗu da ta ado ba a yi su don riƙe gas ba. A nemi mai zagaye, mai kauri, wadda aka ƙera don abin sha mai gas. Wata dabara ita ce a ɗura kwalbar roba guda ɗaya tare da sauran: ranar da ka matsa ta ka ji ta yi tauri, duka sun isa shiga firji. Kullum ka ɗan sassauta murfin ɗaya ka ji ƙarfinsa, kuma kada ka buɗe kwalba da ɗuminta, ko kana fuskantar bakinta. Na taɓa goge abarba daga silin, sau ɗaya ya ishe ni darasi.

Maganar barasa fa? Ka ambace ta a sama.

Ba za a ɓoye ta ba. Duk inda yis ya ci sukari sai an samu barasa, kuma bakteriya ba sa cinye ta duka. A Amurka, abin sha da ya kai kashi 0.5 cikin 100 doka tana ɗaukarsa a matsayin giya, kuma a 2010 kantunan Whole Foods sun kwashe kombuca daga kantocinsu saboda an samu wasu kwalabe sun haura wannan iyaka. Na gida yana iya wuce kashi 1, musamman idan aka cika 'ya'yan itace aka bar shi ya daɗe a rufe, domin a rufaffiyar kwalba bakteriya ba su da iskar da za su mayar da barasar tsami. Faɗin bakin tukunya, tsawaita tsimi na farko da gajarta na biyu suna rage ta, amma ba sa kawar da ita, kuma harshe ba ya iya auna ta. Wanda yake guje wa barasa gaba ɗaya, saboda addini ko juna biyu ko wani magani da yake sha, ya yanke shawararsa da wannan sani.

Ana cewa yana maganin cututtuka da yawa. Haka ne?

An faɗi abubuwa da yawa a kansa, daga ciwon daji har furfura, amma binciken da aka yi a kan mutane kaɗan ne, bai kai a kira shi maganin wata cuta ba. Abin sha ne mai tsami, mai sauran sinadarin kafeyin, mai hana barci, daga ganyen shayi. A 1995 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wasu mata biyu a jihar Iowa da suka kamu da matsanancin tsamin jini, ɗaya ta rasu. Dukansu suna shan kombucan gida kullum, ko da yake ba a tabbatar cewa shi ne sanadi ba. Mai farawa ya tsaya a rabin kofi a rana, ya ga yadda cikinsa zai karɓa. Masu raunin garkuwar jiki, masu ciwon hanta ko ƙoda, da ƙananan yara, ya fi musu su bar na gida.

Zan yi tafiyar wata guda. Uwar za ta mutu?

Ba za ta mutu ba. Ka haɗa mata sabon shayi mai sukari, ka rufe da ƙyalle, ka bar ta a inda take. Kada ka sa ta a firji, sanyi yana sa halittun barci, kuma idan ka dawo da ita waje funfuna tana iya riga su farkawa. Da ka dawo za ka tarar da uwa ta yi kauri, ruwan ya yi tsami ƙwarai. Ka ɓare tsofaffin faifan ƙasa da suka yi duhu, ka bar na sama mai haske, ka ɗebi kofi ɗaya na ruwan ka tayar da sabuwar tukunya.