Waiwaye: An Ga Cikin Kiristal, Fuskarsa Ta Ƙi Ganuwa

Wanda ya taɓa zuba gishiri a tafin hannu a Kasuwar Kurmi ya ƙura masa ido, zai ga ƙwayoyin da kusurwoyi, kamar an yanka su da wuƙa. Sirrin wannan siffa ya fara fitowa ne a 1912, da Max von Laue na Jamus ya sa aka haska kiristal (abu irin gishiri mai tsararriyar siffa) da eksire, hasken nan na hoton ƙashi, sai ya watsu ya bar ɗige-ɗige a jere. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka gano yadda ake karanta irin wannan watsuwa, har aka ga atam (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu) na sodiyam da na kulorin suna zaune bi da bi a cikin gishiri.

Ciki ke nan. Fuskar kiristal, wato samansa, ita ce ta ba da wuya, domin eksire ratsawa yake yi, ba ya tsayawa a sama.

Mafita ta zo ta hanyar tsautsayi. A 1925, a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, na'urar Davisson da Germer ta fashe, iska ta ɓata ƙarfen nikel ɗin da suke harba wa ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin wutar lantarki. Da suka gasa shi don ya wanku, sai ya rikiɗe ya zama manyan kiristal. Zuwa 1927 sun nuna cewa ilektiron marasa ƙarfi, waɗanda ba sa nutsewa can ciki, suna dawowa da tsarin fuskar. Amma dabarar ta yi ta jira har wajen shekarun 1960, saboda datti. Duk Bakano ya san yadda ake goge gilashin mota lokacin hunturu, kafin a juya ƙura ta sake rufe shi. Haka iska take yi wa fuskar ƙarfe, sai da aka iya zuƙe iskar cikin na'ura kusan ƙarƙaf.

A ganina babban juyi shi ne na 1981, lokacin da Binnig da Rohrer na IBM a Zurik suka ƙera allura mai bin fuska kamar makaho da sandarsa, sai dai ita ba ta taɓawa, 'yar wutar lantarkin da ke tsallakawa tsakani take aunawa. A 1983 ta nuna atam ɗai-ɗai a fuskar silikon, a tsarin da ake ta muhawara a kansa tun 1959. Silikon ɗin nan shi ne a cikin wayoyin da ake ciniki a Farm Centre, shi ne kuma a allunan sola da ke kan rufin gidajenmu.